John Olerud, mai hular kwanon nan: tambayoyi da amsoshi kan ɗan besbol ɗin da aka ci wa haƙƙi

Duk sanda aka zauna hirar besbol aka fara jero manyan masu tsaron tashar farko na shekarun 1990, sunayen da zaka ji sune Mark McGwire, Frank Thomas, Jeff Bagwell, wani lokacin a ƙara da Jim Thome, shikenan a tashi. Ni kuma abin yana damuna wallahi, don akwai wani dogon bawan Allah mai shiru-shiru da ya yi kaka 17 yana wasa a babban lig na Amurka, ya ci kofin duniya na besbol sau biyu, ya taɓa zama wanda ya fi kowa iya bugu a lig ɗinsu, amma yau in ka ambaci sunansa abin da mutane ke tunawa kawai shine hular kwanon da yake sawa. Ga tambayoyin da aka fi yi min a kansa, da amsoshina.

Da farko ma, wai mece ce tashar farkon nan? Ni fa ƙwallon ƙafa na sani.

To ɗan'uwa bari mu fara daga nan ɗin. Filin besbol yana da tashoshi huɗu a jere kamar kusurwoyin ɗaki, tsakanin kowace tasha da ta gaba ƙafa 90 ne, wajen mita 27 kenan. Mai jifa yana tsaye a tsakiya yana wurgo ƙwallo, mai bugu yana riƙe da sanda a tashar gida yana ƙoƙarin maka mata. In ya buga ta shiga fili sai ya yar da sandan ya sheƙa da gudu zuwa tashar farko, su kuma masu tsaro su ɗauki ƙwallon su jefa wa mutumin da ke tsaron wannan tashar, in ƙwallon ta riga mai gudun isa kuma mai tsaron yana taka tashar, to an fitar da shi. In aka fitar da mutum uku sai a yi musanya, masu tsaro su koma bugu. Zagaye tara ake yi a haka. Maki kuma sai mutum ya zagaye tashoshin nan duka ya dawo gida.

Kaga kenan kusan duk ƙwallon da ta gangara a ƙasa a hannun mai tsaron tashar farko take ƙarewa. Aikin Olerud kenan.

To shi waye John Olerud ɗin?

An haife shi ranar 5 ga Agusta 1968 a Seattle, jihar Washington da ke can arewa maso yammacin Amurka. Babansa likitan fata ne, kuma shima ya buga besbol a jami'a da ƙananan lig kafin likitanci ya ɗauke shi. Dogo ne, wajen santimita 196, bahago ne a bugu da jifa duka.

Kulob biyar ya buga wa: Toronto Blue Jays daga 1989 zuwa 1996, New York Mets daga 1997 zuwa 1999, Seattle Mariners daga 2000 zuwa tsakiyar 2004, sai ya ƙarasa wannan shekarar a New York Yankees, ya rufe da Boston Red Sox a 2005. Wasa 2,234 ya buga, bugu mai kyau 2,239, a ciki 500 masu kai shi tasha ta biyu kai tsaye, 255 kuma hom ron ne, wato bugun da ƙwallo ke tsallake katangar fili gaba ɗaya.

Hular kwanon fa? Me yasa yake sa ta har lokacin tsaro alhali sauran hular yadi suke sawa?

Wannan labarin ne ya fara sa na so mutumin nan tun kafin in fahimci alƙalumansa. A 1988 yana jami'ar Washington State ya yi wata kaka da har yau ake ba da labarinta, a bugu ya yi .464 da hom ron 23, sannan kuma shi ɗin dai mai jifa ne, ya ci wasa 15 ba a doke shi ko sau ɗaya ba. Mutum ɗaya fa, aiki biyu. Mujallar Baseball America ta zaɓe shi gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekarar. Kowa ya san yaron nan babban lig zai tafi.

Sai a watan Janairu 1989 yana cikin motsa jiki ya yanke jiki ya faɗi. Ashe wata jijiyar jini ce a cikin kansa ta kumbura kamar balan-balan har ta yi yoyo, irin lalurar da take kashe mutum farat ɗaya ba sallama. Gwajin farko bai gano ta ba, sai da aka ƙara bincike a Seattle sannan aka gan ta, aka yi masa tiyata a ƙarshen Fabrairu, aka buɗe ƙoƙon kai aka ɗaure jijiyar. Yana ɗan shekara 20 kacal. A watan Afrilu na wannan shekarar ya koma fili. Saboda wurin da aka buɗe ɗin ne aka ba shi shawarar ya riƙa sa hula mai tauri ko lokacin da yake tsaro, don ƙwallon besbol kamar dutse take, kuma mai tsaron tashar farko kullum cikin jifa yake da masu gudu da ke tahowa a guje. Haka ya ci gaba da sa ta har ranar da ya ajiye wasa.

Ka duba fa, a Janairu ana fargabar ransa, a ranar 3 ga Satumba na shekarar nan dai yana sanye da rigar Toronto a babban lig. Ni duk sanda na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi.

Da gaske ne bai buga ƙananan lig ba?

Da gaske ne, kuma abu ne da ba kasafai ake gani ba. A besbol komai gwanintar yaro sai an tura shi ƙananan lig ya yi shekara biyu, uku, wani har biyar yana gogewa a ƙananan garuruwa yana yawo a bas. Toronto sun ɗauke shi a zagaye na uku na zaɓen 'yan wasa na 1989, sauran kulob sun ja baya saboda lafiyarsa da kuma ya ce zai koma makaranta, amma manajan Toronto Pat Gillick ya nace har ya shawo kansa, suka wuce da shi babban lig kai tsaye. Bai taka ƙaramin lig ba sai a 2005, yana ɗan shekara 36, da Boston suka tura shi Pawtucket ya yi 'yan wasanni ya warware jiki.

A ƙarshen 1990 Toronto suka ba San Diego Fred McGriff da Tony Fernandez suka karɓo Roberto Alomar da Joe Carter. McGriff shine mai tashar farkonsu, kuma babban ɗan wasa ne, sun iya rabuwa da shi ne saboda sun san suna da Olerud a hannu.

Ana ta kawo lambobi a kansa, .363 ne, .473 ne, me suke nufi?

Lamba ta farko matsakaicin bugu ce. In aka ce .300 ana nufin cikin kowane zuwa goma da ya yi gaban mai jifa, sau uku ya buga ƙwallo ta faɗa inda ba a iya fitar da shi ba. Kar ka raina uku cikin goma, a wannan wasan wanda ya riƙe .300 gwani ne, don ƙwallon da ake jefowa tana gudun sama da kilomita 145 a awa daga tazarar da ba ta kai mita 19 ba, kuma tana lanƙwasa a hanya.

Ta biyun kuma ita ce wadda ta fi muhimmanci a wurina, wato sau nawa mutum yake isa tasha ba tare da an fitar da shi ba, ko ta bugu ko ta wucewar kyauta. Wucewar kyauta ita ce in mai jifa ya jefo ƙwallo huɗu a wajen inda doka ta ce kai kuma ka yi haƙuri baka kai musu sanda ba, to sai a ce ka tafi tashar farko salin alin. Abin kamar ba komai ba ko? Amma ka tuna besbol ba agogo, ba minti 90 ba, abin da kowane kulob yake da shi shine fita 27, tara sau uku, da sun ƙare wasa ya tashi. Don haka duk mai bugun da ya ƙi yarda a fitar da shi ya ƙara wa kulob ɗinsa rai ne. A tsawon wasansa Olerud .398 ya yi a wannan lambar, kusan huɗu cikin goma, na tsawon kaka 17. Wucewar kyautarsa 1,275, fitar da aka yi masa ta hanyar kuskure ƙwallo uku kuma 1,016, wato haƙurinsa ya fi kuskurensa yawa, abin da 'yan wasan yanzu ƙalilan ne suke iyawa.

Me ya faru a 1993 da kuke ta zuzutawa?

Kai, 1993! Tun da Ted Williams ya yi .406 a 1941 babu wanda ya sake kammala kaka da .400 a ɓangarori biyun babban lig, wato lig ɗin Amurka (American League) da na National, har yau ɗin nan. George Brett ya kusa a 1980 da .390, Tony Gwynn ya yi .394 a 1994. To Olerud yana ɗan shekara 24 ya yi ta shawagi a kusa da .400 tun daga Afrilu, har ranar 2 ga Agusta yana kan .400 ɗin, wata huɗu cur, kullum 'yan jarida na biye da shi suna tambayarsa, shi kuma mutum ne da ko magana ba ta dame shi ba. Daga baya ya ɗan sauko ya gama da .363, ya zo na ɗaya a lig ɗin Amurka, da bugu 200, masu tasha biyu 54, hom ron 24, ya shigo da maki 107, wucewar kyauta 114, isa tasha .473. Sau 33 masu jifa suka ba shi wucewa da gangan don tsoron kar ya buga, suka gwammace su fuskanci na bayansa.

A shekarar ne 'yan Toronto uku suka kwashe na ɗaya da na biyu da na uku a matsakaicin bugu, Olerud, Paul Molitor, Roberto Alomar. Suka doke Philadelphia Phillies suka ci kofi karo na biyu a jere bayan na 1992 da suka karɓe a hannun Atlanta Braves. Amma in ka tambayi kowa 1993 zai ce maka hom ron ɗin Joe Carter ne a wasa na shida, kuma gaskiya ne wannan bugun abin tunawa ne, sai dai wanda ya ɗauko kulob ɗin a kafaɗa tun farkon kaka wani ne daban. Da aka zo zaɓen gwarzon kaka Frank Thomas ya ci, wannan ba wanda zai yi jayayya sosai, amma Olerud na uku ya zo, abokin wasansa Molitor ma ya sha gabansa. Wannan kam har yau ban yarda da shi ba.

In ya kai haka, me yasa Toronto suka sayar da shi?

Nan ne zuciyar maganar. Salon bugun Olerud shine ya jira ƙwallo ta iso, ya tura ta duk inda ta nufa, in an jefo ta nesa da jikinsa ya kora ta ɓangaren hagu na fili, in ta matso ya ja ta dama, sandansa na tafiya sumul kamar ba ƙarfi ake sawa ba. Su kuma masu horarwa a Toronto, har da koci Cito Gaston, suna ganin dogo kamar wannan ya kamata ya riƙa jan ƙwallo da ƙarfi yana cin hom ron, ya daina yawan jira. Suka yi ta taɓa abin da ba ya buƙatar gyara, lambobinsa suka sauka, .297 a 1994, .291 a 1995, .274 a 1996, har ta kai ana ajiye shi a benci in mai jifan abokan hamayya bahago ne. Ga kuma matashi Carlos Delgado yana tasowa yana neman wuri.

A Disamba 1996 suka miƙa shi ga Mets suka karɓi mai jifa Robert Person, kuma don Mets su yarda sai da Toronto suka biya dala miliyan 5 daga cikin albashinsa. Wato ka ba da kayanka sannan ka bi shi da kuɗin mota. Masu kallon ƙwallon ƙafa ku tuna 2003 da Real Madrid suka saki Claude Makelele ya tafi Chelsea saboda wai ba ya cin ƙwallo, kusan irin wannan tunanin ne.

A New York ya farfaɗo?

Sosai ma. Koci Bobby Valentine ya ƙyale shi ya yi bugunsa yadda ya saba. 1997 ya yi .294 ya shigo da maki 102. 1998 ya yi .354, wanda a tarihin Mets ba a taɓa yin irinsa ba, Larry Walker ne kaɗai ya fi shi a lig ɗin, isa tasha kuma .447. 1999 ya karɓi wucewar kyauta 125. In ka haɗa shekaru ukun .315 ne a bugu, .425 a isa tasha.

Matsalar ita ce 1998 ita ce shekarar da McGwire ya ci hom ron 70, Sammy Sosa ya ci 66, duk Amurka ido ya koma can, wa zai tsaya kallon mutumin da ke tura ƙwallo tsakanin masu tsaro yana tsayawa a tasha ta biyu? Ko wasan taurari na tsakiyar kaka ba a gayyace shi ba a shekarar. Amma masu lissafin zamani da suka zo daga baya suka haɗa bugu da tsaro da komai, a ma'aunin da ake kira WAR na shafin alƙaluma Baseball-Reference, sai ga Olerud da McGwire kusan kunnen doki a 1998. Kuma a Janairu 2010 McGwire da bakinsa ya amsa cewa ya yi amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari, har da wannan shekarar. Shi Olerud ba a taɓa jin sunansa a wannan badaƙalar ba. Ka auna da kanka irin zamanin da ya yi wasa a ciki da irin mutanen da ake gwada shi da su.

In kana son ganin shi a lokacin da wuta ta yi wuta, nemi bidiyon wasa na huɗu na kusa da ƙarshe tsakanin Mets da Atlanta a 1999. Atlanta sun ci uku a jere, saura ɗaya su kore su, Mets suka ci 3 da 2 kuma duk makin ukun Olerud ne ya shigo da su, hom ron a kan John Smoltz sannan bugu a zagaye na takwas a kan John Rocker. Washegari ya sake cin hom ron a kan Greg Maddux tun a zagayen farko.

Amma ai ance tashar farko wurin ajiye marasa gudu ne, wane gwaninta ake buƙata a wurin?

Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, kulob da yawa in suna da ƙaton da ya iya bugu amma bai iya tsaro ba can suke kai shi. Shi yasa ma ba a lura da wanda ya iya wurin da gaske. Amma zauna ka kalli abin da ake yi. Mai tsaron tasha ta uku ya tsinci ƙwallo yana faɗuwa, ya wurgo ta daga nisan kusan mita 39 ba tare da ya daidaita ba, ƙwallon ta daki ƙasa taku ɗaya gaban mai tashar farko ta yi tsalle yadda ta ga dama, shi kuma dole ƙafarsa ɗaya tana kan tasha, ya miƙe jiki, ya kwashe ta da safar hannu daga cikin ƙasa, ga mai gudu yana tahowa kamar zai bi ta kansa. In ya kama, an fitar da mutum kuma wanda ya yi jifan ne ake tafa wa. In ta kuɓuce, kuskuren a kan mai jifan ake rubutawa. Kaga ko ta wane gefe sunan mai tashar farko ba ya fitowa, alherinsa a littafin wasu yake shiga.

Olerud ya haɗa abubuwa uku a nan. Tsawo, wanda ke sa ya cafko jifan da ya yi sama kuma ya rage wa ƙwallo tafiya in ya miƙe. Hannu mai laushi wajen kwasar wadda ta daki ƙasa. Sai kuma hannun jifa, don kar ka manta tsohon mai jifa ne, kuma bahago, safarsa tana hannun dama wanda ke fuskantar cikin fili, in ya tsinci ƙwallo baya buƙatar juya jiki kafin ya jefa tasha ta biyu, sai ya jefa ya koma tasharsa da gudu a dawo masa da ita a fitar da mutum biyu a bugu ɗaya. Wannan wasan yana cikin mafi wahala ga mai tashar farko kuma shi kamar shan ruwa yake yinsa.

A Satumba 1999 mujallar Sports Illustrated ta sa hoton masu tsaron cikin fili na Mets su huɗu a bangonta tana tambaya ko sune mafi kyau a tarihi: Olerud, Edgardo Alfonzo, Rey Ordóñez da Robin Ventura. Kulob ɗin gaba ɗaya kuskure 68 kacal suka yi a wasa sama da 160, mafi ƙaranci da aka taɓa gani zuwa lokacin. Ordóñez da Ventura suka karɓi kyautar Gold Glove ta gwanayen tsaro a shekarar, wanda yake kwashe musu jifa bai samu ba.

To shi bai taɓa cin Gold Glove ɗin ba?

Ya ci sau uku, 2000, 2002 da 2003, duk bayan ya haura shekara 30. Kafin nan Don Mattingly da J.T. Snow ne suka yi ta kwashewa, kuma su ma gwanaye ne ba laifi. Amma don ka san yadda ake zaɓen a wancan lokacin, a 1999 an ba Rafael Palmeiro kyautar a lig ɗin Amurka alhali wasa 28 kawai ya tsaya a tashar farko duk kakar. Suna ake bi.

Me ya kai shi Seattle?

Gida. Kwantiraginsa ya ƙare a ƙarshen 1999, Mets suna son riƙe shi, amma ya zaɓi komawa garinsu kusa da iyaye da dangi, ya sa hannu na shekara uku kan dala miliyan 20. Wanda ya ɗauke shi kuma Pat Gillick ne dai, mutumin da ya fara kawo shi Toronto, lokacin ya zama manajan Seattle.

A 2001 Mariners ƙarƙashin koci Lou Piniella suka ci wasa 116 cikin 162, suka kamo tarihin da Chicago Cubs suka kafa tun 1906. Shekarar da Ichiro Suzuki ya zo daga Japan ya rikita kowa kenan, ga Bret Boone, ga Edgar Martinez. Olerud ya yi .302 da hom ron 21, aka kira shi wasan taurari karo na biyu kuma na ƙarshe a rayuwarsa. Sau biyu fa kacal, 1993 da 2001. Abin takaici Yankees suka fitar da su kafin wasan ƙarshe. Ka lura da abu ɗaya, Toronto ta 1992 da 1993, Mets ta 1999, Seattle ta 2001, duk manyan kulob ne da ake tunawa, kuma duk mutum ɗaya ne a tashar farkonsu.

Labarin nan nasa da tsohon abokin wasansa Rickey Henderson gaskiya ne?

Wanda ake cewa Rickey ya same shi a Seattle ya ce masa ai na taɓa wasa da wani mai sa hular kwano irin taka, shi kuma ya ce ai ni ne? Ba gaskiya bane. Sun yi wasa tare a Toronto a 1993, a Mets a 1999, a Seattle a 2000, amma Olerud da kansa ya sha faɗa cewa hirar ba ta faru ba, raha ce aka ƙirƙira a ɗakin canza kaya ta fita duniya. Kuma abin yana min ciwo a ce labarin da aka fi sani game da shi ƙirƙirarre ne, kuma ma labarin wani ne ya manta da shi.

Ba shi da rauni kenan?

Yana da shi mana. Ba shi da gudu ko kaɗan, duk tsawon wasansa sau 11 ya saci tasha, wato ya ruga tasha ta gaba yayin da mai jifa ke wurgo ƙwallo, bugu mai tasha uku kuma 13 kawai. Hom ron ɗinsa bai taɓa wuce 24 a kaka ba, a matsayin da ake sa ran 35 ko 40. Daga 2003 kuma ƙarfin sandan ya fara raguwa, har Seattle suka sallame shi a Yuli 2004.

Amma ga wani abin mamaki. Akwai abin da ake kira zagaye cikakke, mutum ya yi bugu mai tasha ɗaya, mai biyu, mai uku da hom ron duk a wasa guda, manyan 'yan wasa da yawa har su yi ritaya basu taɓa yi ba. Wannan mutumin mara gudu sau biyu ya yi, ranar 11 ga Satumba 1997 a kan Montreal Expos da 16 ga Yuni 2001 a kan San Diego Padres, kuma a kowace shekarar cikin biyun wannan shine kaɗai bugu mai tasha uku da ya yi.

Ya cancanci shiga Hall of Fame ko son kai ne kawai irin na masoya?

Zan faɗi ra'ayina ba ɓoye-ɓoye. Zauren gwarzayen besbol yana garin Cooperstown a jihar New York, 'yan jarida ne ke zaɓe, sai mutum ya samu kashi 75 cikin ɗari zai shiga, in ya gaza kashi 5 kuma a cire sunansa daga takarda. A 2011 aka sa sunan Olerud, ƙuri'a huɗu ya samu. Huɗu. Ko kashi ɗaya bai kai ba, aka cire shi a shekarar farko, a shekarar da abokin wasansa Alomar ya shiga.

A ma'aunin WAR yana da kusan 58. Tony Perez, Orlando Cepeda, Gil Hodges da Fred McGriff duk masu tashar farko ne, duk suna cikin zauren, duk kuma yana gabansu a wannan ma'aunin. Ban ce ma'auni ɗaya ya isa yanke hukunci ba, kuma na yarda wanda ya ce hom ron 255 sun yi kaɗan ga mai tashar farko yana da hujja, McGriff 493 ya ci. Ni a ganina ya cancanta, amma ko wanda bai yarda da ni ba ai zai yarda cewa mutum irin wannan ya wuce a sallame shi da ƙuri'a huɗu ba tare da an ko tsaya an yi muhawara ba. Abin da ya cuce shi shine lokacin da yake ganiyarsa ba a daraja wucewar kyauta da tsaron tashar farko ba, sai bayan 2000 da kulob irin su Oakland Athletics suka fara nuna wa duniya cewa isa tasha shine jari, lokacin kuwa shi ya fara gangarowa. Da yau yake wasa da kulob sun yi rububinsa. Ƙofa ɗaya da ta rage masa ita ce kwamitin da ke sake duba tsofaffin 'yan wasa, wanda ta nan McGriff ya shiga a 2023.

Yaya ya ƙare wasa, kuma akwai inda aka karrama shi?

Bayan Seattle sun sake shi Yankees suka ɗauke shi a Agusta 2004 saboda Jason Giambi ba shi da lafiya. A wasa na biyu na karawarsu da Boston ta kusa da ƙarshe ya ci hom ron a kan Pedro Martinez, Yankees suka ci 3 da 1, sai ya ji ciwo a ƙafa a wasa na uku, daga nan kuma Boston suka yi abin da ba a taɓa yi ba, suka farke uku da nema suka ci huɗu a jere. A 2005 ya buga wa Boston ɗin a matsayin mai jiran ko-ta-kwana, a Disamba ya sanar da ajiye wasa ba wani biki ba hayaniya.

An sa shi a zauren gwarzayen besbol na jami'o'i a 2007, an zaɓe shi a na ƙasar Kanada a 2020. Tun 2010 kuma duk shekara ana ba ɗan jami'ar da ya fi kowa haɗa bugu da jifa kyautar da ake kira John Olerud Award, saboda kakar nan tasa ta 1988. Brendan McKay ya ci ta sau uku a jere daga 2015 zuwa 2017, Paul Skenes da yanzu yake jifa a Pittsburgh Pirates ya ci ta a 2022.